Sunan da aka raɗa wa matsala, shi ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa

A ɗauki wata kwana a kan babban titi, irin wadda wata ba ya ƙarewa sai an kwashi gawa a wurin. Yau ma mota ta ƙwace wa direba, ta daki bishiya, mutum biyu sun rasu nan take. Ɗan sanda ya zo, ya bi sawun taya a kan kwalta, ya rubuta a littafinsa cewa gudun wuce sa'a ne. Likitan da aka kai wa na ukunsu ya dubi agogo ya girgiza kai, ya ce da an iso da shi da wuri da jininsa bai ƙare a hanya ba. Injiniya, in an yi dace an kira shi, zai tsaya ya ƙare wa kwanar kallo, sannan ya tambayi wanda ya bar bishiya taku uku daga bakin titi, kuma ina shingen ƙarfen da ya kamata ya tare motar. Dangin mamatan kuwa za su ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Sai dai kowace magana a cikin huɗun nan tafe take da aikinta a goye. In aka ɗauki ta ɗan sanda, abin da zai biyo baya shi ne tara da allunan gargaɗi da yi wa direbobi nasiha. In ta likita ce, sai a sayo motocin ɗaukar marasa lafiya, a tanadi jini. Ta injiniya ita ce mai tsada, domin sai an fasa titi an sake. Ta dangi kuwa kalmar haƙuri ce, tana da muhallinta a wurin ta'aziyya. Amma ranar da hukuma ta are ta, an rufe fayil ke nan, bishiyar kuma tana nan tana jiran na gaba.

Yawancin muhawarar da ake yi a kan lafiyar al'umma, tun kafin a zauna a teburi an riga an gama rabinta. An gama ta ne a lokacin da aka amince da sunan da za a kira matsalar. Sunan shi ke faɗin wanda za a tuhuma, da ma'aikatar da za ta ɗauki nauyi, da aljihun da kuɗi za su fito. Kuma ba hujjar kimiyya kaɗai ke zaɓar sunan ba. Mai ƙarfi yana da ta cewa, mai kuɗi yana da ta cewa, haka ma yanayin mutanen da abin ke kashewa: su wane ne, kuma suna da wani a sama ko ba su da shi.

Batun titin ma ya isa misali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗurran hanya suna cin ran kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. An shafe shekaru da dama ana kallon abin a matsayin laifin direba kawai. Wani likita ɗan Amurka, William Haddon, wanda ya fara shugabantar hukumar kiyaye haɗurran hanya ta tarayyar ƙasar a 1966, shi ne ya dage cewa a dubi haɗari kamar yadda ake duban annoba: akwai mutum, akwai mota, akwai hanya, akwai abin da ke faruwa kafin karo, da lokacinsa, da bayansa. Da aka shimfiɗa abin haka, sai aka ga direba gurbi ɗaya ne cikin gurabe da yawa. A 1997 majalisar dokokin Suwidin ta ƙara gaba, ta ce ɗan Adam dole ya yi kuskure, saboda haka wanda ya zana titi shi ke da alhakin kada kuskuren ya zama ajali. Suka cika mahaɗar hanyoyi da shataletale, suka ja waya mai ƙarfi a tsakiyar manyan tituna don hana taho-mu-gama, suka rage gudu a cikin gari zuwa kilomita 30 a wurare da yawa. Mutanen da suka mutu a titunansu a 1997 sun haura 500. A 'yan shekarun nan ba su kai rabin haka ba, alhali motoci ƙaruwa suka yi. Direbobin Suwidin ba waliyyai suka zama ba.

Sai dai kada a ɗauka cewa kullum gaskiya ce ke yin nasara, ko kuwa kuskuren fahimta kullum sharri yake haifarwa. Tarihin kwalara a birnin Landan ya fi haka sarƙaƙiya, kuma ya cancanci a ɗan daɗe a kansa.

A tsakiyar ƙarni na 19, abin da manyan likitoci da jami'an Ingila suka yi imani da shi shi ne cewa cuta a iska take, a warin ƙazanta. Edwin Chadwick, wanda rahotonsa na 1842 a kan halin tsaftar talakawa ya girgiza ƙasar, a kan wannan fahimta ya tsaya. Tunda wari ne abokin gaba, maganin a fili yake: a rufe ramukan masai da ke ƙarƙashin gidaje, a kora komai cikin magudana. Magudanan kuwa a kogin Tems suke juyewa, kogin da kamfanonin ruwa ke ɗiba suna sayar wa mutane su sha. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Annobar 1848 zuwa 1849 ta kashe sama da mutum 14,000 a birnin.

A 1854 cutar ta sake ɓarkewa a unguwar Soho, ta kashe sama da 600 cikin 'yan makonni. Likita John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda kowane mamaci ke ɗiban ruwa, yana sa alama a taswira. Alamomin suka taru a kewayen famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya. Akwai wata bazawara da ta mutu a wata unguwa mai nisa, inda babu annobar, wadda ta so ta ɓata masa lissafi. Da ya bincika sai ya gano cewa tana son ɗanɗanon ruwan wannan famfo, har ana kai mata shi a kwalba. Hukumar unguwar ta yarda aka cire hannun famfon. Amma manyan jami'an lafiya ba su karɓi bayanin Snow ba, kuma da ƙura ta lafa aka mayar da hannun. Ya mutu a 1858 ba tare da ya ga an ba shi gaskiya ba.

A bazarar wannan shekarar ne zafi ya dafa ƙazantar kogin, wari ya turnuƙe majalisar dokoki da ke bakin ruwa, har aka riƙa jiƙa labule da sinadari don a iya zama. Abin da gawarwakin talakawa suka kasa yi cikin shekaru, hancin 'yan majalisa ya yi shi cikin 'yan makonni: aka amince da kuɗin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa da injiniya Joseph Bazalgette ya tsara, masu kai ƙazantar can nesa da gari. Don maganin wari aka gina su, sai ga shi sun raba kashi da ruwan sha. Annobar ƙarshe da ta taɓa birnin a 1866 ta fi ƙamari ne a gabashinsa, inda aikin bai kammala ba. Fahimta ɗaya ce, kuma ba daidai ba ce, ta kashe dubbai da farko, daga baya ta ceci dubbai. Abin da ta yi daidai shi ne ta ɗora nauyin a kan hukumar birni, ba a kan halin matalauta ba, a zamanin da mutane da yawa ke ganin kwalara sakamakon shaye-shaye ce da lalacewar tarbiyya.

Wani lokaci kuma sunan ba da kansa yake zuwa ba, sayo shi ake yi. Tun 1950 masu bincike biyu 'yan Birtaniya, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙar taba sigari da kansar huhu. A farkon 1954 kamfanonin taba na Amurka suka sayi shafi a ɗaruruwan jaridu suna cewa magana ba ta tabbata ba, ana kan bincike. Da shakkar ta daina ci, sai suka koma ga kalmar 'yanci: baligi ne, kuɗinsa ne, huhunsa ne, ina ruwan gwamnati? Wannan hujja ta yi ƙarfi ƙwarai, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Abin da ya karya ta bai zo daga ɓangaren masu shan ba. A 1981 wani mai bincike ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da ba sa shan taba amma mazajensu na sha sun fi sauran mata kamuwa da kansar huhu. Daga nan tambayar ta juya. Ta tashi daga haƙƙin mai busawa ta koma haƙƙin matarsa, da ɗansa, da ma'aikacin da ke wuni a ɗakin da hayaƙi ya cika. A 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar taƙaita taba a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2004 kuma Ayilan ta zama ƙasa ta farko da ta hana busa sigari a duk wuraren aiki. Illar taba ga mai shanta an san ta tun rabin ƙarni kafin haka. Ba a motsa sosai ba sai da aka samo wanda aka zalunta bai ji ba bai gani ba.

Wannan ya kawo mu wurin da abin ya fi muni, wato inda fuskar mai ciwo ce ke yanke hukunci. A 1971 Shugaba Richard Nixon ya ayyana miyagun ƙwayoyi a matsayin babban maƙiyin Amurka, harshen yaƙi ya shigo. Yaƙi kuwa da mayaƙa ake yin sa, saboda haka aikin ya faɗa hannun 'yan sanda da alƙalai da gidajen yari. Dokar 1986 ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda aka kama da giram 5 na hodar iblis mai ƙanƙara, wadda ta fi yawa a unguwannin baƙaƙen fata matalauta, alhali mai garin hodar, wadda masu hali suka fi sha, sai ya kai giram 500 zai sami irin wannan hukunci. Sinadarin asalinsa ɗaya ne. Sai 2010 aka rage tazarar. Da annobar magungunan kashe raɗaɗi ta taso bayan fitowar OxyContin a 1996, ta kuma fara cin fararen fata na ƙananan garuruwa, sai harshen 'yan siyasa ya yi laushi. Aka fara jin kalmomi irin su ciwo da jinya da farfaɗowa, aka kuma waiwayi kamfanin da ya yi maganin har ya amsa laifi a kotu. Tausayin daidai ne. Tambayar ita ce ina yake shekara ashirin kafin nan.

Fotugal ta bi wata hanyar a 2001. Wanda aka kama da ƙwayar da ba ta wuce ta shan kwana goma ba, ba kotu ake kai shi ba, gaban wani ƙaramin kwamiti ake kai shi, mai ɗauke da masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a. Masu safara kuwa hukuncinsu na nan. Sababbin masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allurar ƙwaya suka sauko daga sama da dubu a shekara zuwa 'yan gomomi. Amma masu yabon Fotugal sukan manta da rabin labarin, wato kuɗin da ta zuba a cibiyoyin jinya. Jihar Oregon ta Amurka ta cire hukuncin a 2020 kafin wuraren jinyar su tsaya da ƙafarsu, jama'a suka ga shaye-shaye a fili a kan titi, a 2024 aka dawo da dokar. Canza suna ba tare da canza kasafi ba, fenti ne a kan bangon da ya tsage.

Ƙanjamau ita ce cutar da ta fi kowace sauya riga. Da aka fara ba da rahotonta a Amurka a 1981, an jingina ta da 'yan luwaɗi har a sunan da wasu suka fara kiran ta da shi. Muddin ana ganin ta a matsayin cutar wasu mutane can da suka jawo wa kansu, gwamnatoci ba su ga dalilin gaggawa ba, kuma matan aure da jarirai da waɗanda aka ƙara wa jini suka yi ta kamuwa a ɓoye. A 1996 aka sami haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar, amma kuɗinsu ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. Aka ce a ƙasashe matalauta jinya ba ta yiwuwa, a tsaya a kan faɗakarwa. Masu fafutuka, yawancinsu masu ɗauke da cutar, suka ƙi wannan magana. Suka ce matsalar farashi ce da dokar mallakar fasaha, kuma farashi mutum ne ya yanka shi. Kamfanonin magunguna 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu suka janye a 2001 saboda kunyar duniya. A shekarar ce kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin a kan dala 350, ƙasa da dala ɗaya a rana. Asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya a 2002, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, wato PEPFAR, a 2003.

A nan akwai abin da ya kamata masu irin ra'ayina su haɗiye, ko da ɗaci. Na fi karkata ga duban tsari da talauci fiye da tuhumar mutum ɗaya, amma wannan kallon ma ana iya fakewa da shi. Shugaba Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu ya yi ta nanata cewa talauci ne tushen abin da ke kashe mutanensa, ya sa shakka a kan ƙwayar cutar, gwamnatinsa ta yi jan ƙafa wajen raba magani. Masu bincike a jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jinkirin ya ci rai sama da 330,000. Talauci na da hannu, babu musu. Amma mace mai ciki da ke buƙatar ƙwayar da za ta kare jaririnta ba za ta jira a kawar da talauci ba.

Akwai kuma rigar tsaro, wadda ta fi kowace saurin buɗe baitulmali. A 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna a kan ƙanjamau, karon farko da ya tattauna wata cuta. A 2014 ya ayyana Ebola a matsayin barazana ga zaman lafiyar duniya, kuɗi da jirage da ma'aikata suka kwararo Gini da Laberiya da Saliyo. Sai dai wanda ya kira tsaro ya kira soja. A watan Agustan shekarar aka killace unguwar West Point ta birnin Monrobiya da shinge da bindiga, aka yi arangama, harsashi ya sami wani yaro ya mutu, bayan kwana goma aka janye. Mutanen da ake tsoro ɓoye marasa lafiyarsu suke yi. Abin da ya taimaka sosai shi ne lokacin da aka daina kallon masu wankan gawa a matsayin jahilai masu taurin kai, aka gane cewa mutane ne da ba za su yarda a jefa mahaifiyarsu a rami cikin leda kamar shara ba. Aka zauna da limamai da fastoci da dattawa, aka tsara jana'izar da dangi za su tsaya daga nesa su yi addu'a, su ga inda aka sa nasu. Annobar ta kashe sama da mutum 11,000 kafin ta lafa.

Ko lissafi ma ba ya tsira daga wannan. A 1981 masana halayyar ɗan Adam Amos Tversky da Daniel Kahneman suka ba mutane labarin cutar da za ta kashe mutum 600. Da aka ce wani shiri zai ceci 200, ɗayan kuma caca ce, ko a ceci kowa ko a rasa kowa, mafi yawa suka zaɓi na farkon. Da aka ce wa wasu a shirin mutum 400 za su mutu, mafi yawa suka guje shi suka zaɓi caca. Lissafin bai canza ba ko da ɗigo. Haka kuma, muddin gawa kawai ake ƙirgawa, ciwon damuwa da makanta da ciwon baya ba sa fitowa a takarda. Sai da rahoton Bankin Duniya na 1993 ya shigo da ma'aunin da ke haɗa shekarun da mutuwa ta yanke da waɗanda aka yi cikin naƙasa, sannan ciwon damuwa ya bayyana a cikin manyan cututtukan duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gane nauyin suna, shi ya sa a 2015 ta ce a daina raɗa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙabila ko dabba, a 2022 kuma ta sauya sunan ƙyandar biri.

Ba ina cewa duk abin da ya dami al'umma a miƙa wa likitoci ba. Kallon lafiya shi ma yana da makantarsa, domin abin da yake aunawa kaɗai yake gani. A lokacin korona, allon da shugabanni ke kallo kullum na masu kamuwa ne da masu mutuwa. Yara sama da biliyan ɗaya da rabi da aka rufe wa makarantu ba su da gurbi a allon, haka mai neman na yau da aka ce ya zauna a gida. Wasu matakan sun zama dole, wasu kuma an ja su fiye da kima saboda asarar da suke jawowa ba ta cikin abin da ake ƙirgawa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga Siri Lanka yake. A tsakiyar shekarun 1990 ƙasar tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan masu kashe kansu. Irin wannan mutuwa an saba kallon ta ta fuskar zunubi, ko laifi, ko taɓin hankali, kuma kowanne yana da nasa mai magani. Masu bincike suka yi wata tambayar daban: da me ake mutuwar? Amsar ita ce maganin ƙwari na gona. A ƙauyuka, saurayi ko matar aure za su yi faɗa da wani a gida, cikin zafin zuciya na 'yan mintoci su ɗauki kwalbar da ke rataye a bayan ɗaki. Da yawa cikinsu ba su yi dogon shiri ba, kuma waɗanda suka tsira akasari ba sa sake gwadawa. Sai dai gubar ta yi ƙarfin da ba ta barin mutum ya kai ga yin nadama. Gwamnati ta bi mafi haɗarin magungunan tana haramta su kashi-kashi, a 1995 da 1998, sannan daga 2008. Cikin shekara ashirin yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, an kuma ƙiyasta rayukan da aka ceta sun kai 93,000. Amfanin gona bai ragu ba, don manoma sun koma ga wasu magungunan marasa kaifin guba. Takardun haramcin kuwa daga ofishin rajistar magungunan ƙwari suka fito, wanda ke ƙarƙashin sashen aikin gona.